WACE MAKARANTAR JINYA ZA MU NEMA?

Kowace shekara, da sakamakon jarrabawa ya fito, gidajen fastoci su kan cika da baƙi. Uba ya zo da ɗiyarsa, takarda a hannu, su zauna a bakin tabarma. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Fasto, yarinyar nan tana son aikin jinya. Ga makarantu da yawa. Wacce za mu nema?" Mun sha jin wannan tambaya, mu ma mun yi ta a gidajenmu. Domin haka mu ke so mu yi tunani a kanta tare da masu karatu a wannan wata, gama ba zancen cika takarda kaɗai ba ne. A cikinta akwai zancen gaskiya da ƙarya, da zancen ƙaunar maƙwabci. Abin da za mu faɗa game da 'yan mata ya shafi samari kuma, gama maza da yawa suna wannan aiki, suna kuwa yinsa da kyau.

Bari mu fara da hanyoyin da ke gaban yaranmu a Nijeriya. Hanya ta fari ita ce makarantar jinya da ke manne da asibiti. Shekaru da yawa karatunta shekara 3 ne, amma makarantu da dama sun koma kwaleji, inda a ke yin shekara 4 a sami babbar difloma. Hanya ta biyu ita ce jami'a, inda a ke yin shekara 5 a sami digiri. Jami'ar Ibadan ce ta fara wannan a ƙasarmu cikin 1965. Ko wace hanya yarinya za ta bi, sai ta ci darussa 5 da kyau a jarrabawar gama sakandare, wato Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Akwai makarantun da su ka tsiro daga asibitocin mishan, kamar na Vom, da Wusasa, da Egbe. Akwai na gwamnatin tarayya a manyan asibitocin koyarwa kamar na Zariya da Jos da Kano, akwai na jihohi, akwai kuma na masu zaman kansu. Iyayenmu ba su ga yawan ƙofofi haka ba. Amma yawan ƙofofi shi ya kawo wuyar zaɓe.

WANDA BA A KIRA SHI SHAWARA BA

Sa'anda iyali su ka zauna shawara, kowa ya kan zo da mudunsa. Uba yana auna kuɗin makaranta. Uwa tana auna nisa, tana tsoron hanya da abokan banza. Kawu da ke birni yana auna suna, yana cewa a nemi makarantar da in an faɗi sunanta mutane za su gyaɗa kai. Yarinya kuwa, in za ta faɗi gaskiya, wataƙila tana auna inda ƙawarta ta tafi, ko kuwa farar riga da hula. Ba mu raina ko ɗaya cikin waɗannan ba. Amma akwai mutum guda wanda shawarar nan ta shafe shi fiye da kowa, ba a kuwa taɓa kiransa ba. Shi ne majinyacin da zai kwanta a hannun yarinyar nan bayan shekara 5 ko 6.

Ba mu san sunansa ba. Wataƙila mace ce mai naƙuda da za a kawo a bayan babur da tsakar dare, jini yana zuba, likita kuwa yana nesa. Wataƙila jariri ne da gudawa ta tsotse shi, wanda jijiyarsa ta ɓace, sai hannun da ya ƙware ne zai same ta. Wataƙila Krista ne, wataƙila Musulmi ne. Ba zai tambayi sunan makarantar da nas ta yi ba. Abu biyu kaɗai za su yi masa amfani a daren nan: ko hannunta ya iya, ko zuciyarta ta kula. Makaranta ce za ta gina hannun, ita ce kuma za ta gyara zuciyar ko ta ɓata ta. Saboda haka wanda ya ke zaɓen makarantar jinya yana zaɓe ne a madadin mutumin da bai taɓa gani ba.

Ku tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar cikin Luka sura 10. Mutum biyu masu suna da matsayi sun ga wanda mafasa su ka yi wa rauni, su ka ratse. Basamariye ya tsaya. Mu kan yi wa'azi a kan tausayinsa, daidai ne kuwa. Amma mu lura, bayan tausayi ya san abin yi. Ya zuba mai da ruwan anab a raunukan, ya ɗaure su, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kwana yana lura da shi, ya bar dinari 2 a hannun mai masauki. Da tausayi kaɗai gare shi, da sai ya zauna a gefen hanya su yi kuka tare har mutumin ya mutu. Makarantar kirki ita ce wadda ta ke fitar da irin wannan Basamariye.

ZANCEN SUNA

Suna abu ne mai kyau in aiki ne ya haife shi. Amma wani suna na kakanni ne, makarantar tana cin gadonsa kawai. Wani kuma na fenti ne da babban allo a bakin hanya. Annabi Sama'ila da kansa ya kusa ruɗuwa da tsayin Eliyab, sai da Allah ya tsai da shi. Balle mu.

Matar da duniya ta ke kira uwar aikin jinya na zamani, Florence Nightingale ta Ingila, 'yar masu arziki ce. Iyayenta sun ƙi aikin nan ƙwarai, gama a zamaninsu ana ganinsa aikin ƙasƙanci ne. Cikin 1851 ta tafi wani ƙaramin gari a Jamus mai suna Kaiserswerth, inda wani fasto, Theodor Fliedner, ya kafa gidan koya wa matan Ekklesiya hidimar marasa lafiya. Ta yi wajen wata 3 a can, tana tashi da asuba, tana cin abincin talakawa, tana aiki a gefen gadon majinyata. Wurin ba shi da ƙawa, ba kuwa inda 'yan gidansu za su yi fahariya da shi ba ne. Cikin 1854 ta ɗauki mata 38 zuwa asibitin sojoji a Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya. Cikin 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas a Landan, ta kuma kafa ta a jikin asibiti, domin ɗalibai su koya a inda marasa lafiya su ke kwance. Ta gane cewa littafi ba ya nishi, allo kuma ba ya zub da jini.

Don haka tambaya ta fari da za mu yi wa kowace makaranta ita ce: ina majinyatanta? Makarantar da ke da ɗalibai ɗari-ɗari da asibiti mai gado kaɗan, ko wadda sai an kwashi yara a mota zuwa wani gari kafin su ga mara lafiya, za ta fitar da masu takarda waɗanda hannunsu ke rawa. Ƙaramar makaranta a ƙauye, inda ɗaliba za ta karɓi haihuwa da hannunta a gaban sista mai faɗa, ta fi ta nesa ba kusa ba.

ZANCEN GASKIYA

Tun 1979 akwai hukuma guda da ke kula da aikin jinya da ungozoma a Nijeriya. Ita ce ta ke duba makarantu ta amince da su, ta ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ta rubuta sunayensu, ta yi musu jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasin aiki. Makarantar da hukumar nan ba ta amince da ita ba, kome kyan gininta, takardarta ba ta da bambanci da ganyen da iska ta kaɗo.

Mun san wani gida inda uba ya sayar da shanunsa na noma guda 2 ya sa ɗiyarsa a wata makaranta. An sa wa makarantar suna daga cikin Littafi Mai Tsarki, ana yin addu'a kowace safiya, mai ita kuwa yana da daɗin baki. Sa'anda a ka tambaye shi zancen amincewar hukuma, sai ya ce tana hanya. Yarinya ta yi shekara 3. Amincewa ba ta iso ba har yau. Ta koma gida ba lasin, shanu sun tafi, ƙannenta 2 sun zauna ba makaranta. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abin da ya biyo baya. Maƙwabta su ka fara kiranta nas, su ka riƙa kawo mata yara ta yi musu allura. Ga talauci a gida, ga masu roƙo a ƙofa. Ƙaryar mutum ɗaya ta sa yarinya mai tsoron Allah cikin jaraba kowace rana.

'Yan'uwa, sunan Yesu a bisa ƙofa ba ya mai da ƙarya gaskiya. Ya ma ƙara mata nauyi. Kada kunya ta hana mu tambaya domin mai makaranta ɗan Ekklesiyarmu ne. A duba jerin makarantun da hukuma ta amince da su, wanda ta ke bugawa a intanet. In babu mai iya dubawa a gida, a roƙi wata nas a asibiti mafi kusa. A tambaya kuma mutum nawa a ka yarda makarantar ta ɗauka, mutum nawa ta ɗauka. Gama waɗansu su kan kwashi yara fiye da ƙa'ida, su karɓi kuɗinsu, sa'an nan su tankaɗe su a jarrabawar watannin fari.

Waɗansu iyaye kuma suna jin tsoron makarantar gwamnati, suna cewa yarinya za ta ɓata a can. Muna gode wa Allah domin makarantun Ekklesiya. Asibitin Vom tun 1922 ya ke hidima, masu jinya da yawa a Arewa kuwa a irin waɗannan wurare su ka koyi haɗa magani da addu'a. Amma Daniyel da abokansa 3 a makarantar sarkin Babila su ka yi shekara 3, ba su kuwa ƙazantu ba, domin sun riga sun ƙudura a zuciyarsu. Yarinyar da bangaskiyarta ba ta iya tsayawa sai a cikin shingen mishan, yaya za ta yi ran da a ka tura ta aiki a garin da babu majami'a? In makarantar gwamnati ta fi koyarwa, kuɗinta kuma ya fi sauƙi, a neme ta da zuciya ɗaya. A haɗa yarinya da Ekklesiyar garin da zumuntar ɗalibai masu bi, a riƙa ziyartarta.

ZANCEN KUƊI DA ƘETARE

Yanzu mun zo wurin da ya fi wuya. Ba asiri ba ne cewa yara da yawa suna neman aikin jinya domin ƙofa ce ta zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya. Har cikin 2024, sa'anda hukumar jinya ta ce sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tabbatar masa da takardunsa na fita, masu jinya su ka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Iyaye kuma su kan tambaya a fili, "Wace makaranta ce takardarta ta fi saurin kai mutum waje?" Zunubi ne a yi wannan tambaya?

Ba za mu yi saurin yanke hukunci ba. Littafi ya koya mana cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa. Nas da ta kwana a tsaye tana lura da majinyata masu yawa ita kaɗai, albashi kuwa bai kai ƙarshen wata ba, ba mai ikon jifanta da dutse in ta nemi inda za a biya ta. Kuɗin da 'ya'yanmu ke aikowa daga waje ya rufa asirin gidaje, ya biya makarantar ƙanne, har ya yi wa majami'u jinka. Mara lafiya a Landan shi ma maƙwabci ne.

Duk da haka akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Hannun da ɗaliba ta ƙware da shi, a jikin talakawan ƙasar nan ta ƙware. Tsohuwar da ta miƙa hannu a ka soke ta sau 3 kafin a sami jijiya, ita ma malama ce, ba a kuwa biya ta ko anini ba. Akwai bashi a nan, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Wadda ta biya wani abu daga cikinsa da shekarun hidima, sa'an nan ta tafi da addu'a, tana tunawa da gida, ba mu da magana a kanta. Amma wadda tun ranar cika takarda ba ta ga kome cikin aikin nan ba sai jirgin sama, za ta yi shekarun karatunta tana duban majinyata kamar matakala. Irin wannan zuciya ba ta canzawa a filin jirgi. Wadda ta ƙyale tsohuwa cikin fitsarinta a Kafanchan za ta ƙyale wata a Landan.

Zancen kuɗin makaranta kuma yana da nasa nauyi. Ubangiji ya yi zancen mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, ya sa harsashi ya kasa gamawa, mutane su ka yi masa ba'a. A yi lissafin shekarun duka, ba na shekarar fari kaɗai ba: kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da riguna, da littattafai, da mota, da kuɗin jarrabawar hukuma. Yarinya kuma ta tambayi kanta ko daidai ne a sayar da gonar gado domin ta shiga jami'a mai tsada, alhali kuwa ga kwalejin jiha da za ta kai ta ga lasin iri ɗaya. Wadda ta fara da difloma tana iya ƙara karatu ta sami digiri daga baya da guminta. Ƙaunar maƙwabci daga ƙannen da ke cin tuwo a kwano ɗaya da mu ta ke farawa.

ƘOFA NAWA ZA A ƘWANƘWASA?

Wata yarinya ta taɓa ce mana ta yi addu'a, Allah ya nuna mata makaranta guda, saboda haka neman wata rashin bangaskiya ne. Mun yaba da zuciyarta, amma ba mu yarda da lissafinta ba. Masu nema sun fi gurabe yawa nesa. Manomi mai bangaskiya ya kan shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, gama bai san wanda damina za ta yi wa alheri ba, ba wanda ya ce da shi marar bangaskiya. A nemi wadda a ke buri, a nemi wadda makin yarinya ya isa ba shakka, a nemi wadda aljihun gida zai iya ɗauka. Amma kada a rubuta sunan makarantar da ba za mu so a kwantar da uwarmu a hannun ɗalibanta ba.

Akwai kuma ƙofar baya. Wani zai zo ya ce ya san mutum a ofis, a kawo abin goro, sunan yarinya zai fito. Wani zai ce a saya mata sakamakon Kemistiri tun da shi kaɗai ya hana ta. Mu sani gurbin da a ka saya, an ƙwace shi ne daga ɗiyar wani wadda ta ci da guminta, wataƙila marainiya ce wadda ba ta da kowa a ofis. Lissafin da a ka saya kuma zai fito a ranar da za a auna wa jariri magani, inda ɗigo guda a gurbin da ba nasa ba ya kan mai da magani dafi. In an fāɗi bana, a sake zama baɗi. Shekara guda ba ta kai ran mutum ba.

GANI YA KORI JI

In da hali, uba ko uwa su tafi da yarinya su ga wurin da idonsu kafin a biya kuɗi. Kada a tsaya a ofishin shugaba. A shiga ɗakin majinyata. A duba ko akwai ruwa da sabulu inda a ke wanke hannu. A saurari yadda manyan nas su ke yi wa matar ƙauye magana, wadda ba ta jin Turanci, gama da wannan murya ɗiyarku za ta yi magana bayan shekara 3. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A tambayi ɗaliban aji na ƙarshe, ba a gaban malamansu ba, ko ana koya musu, ko kuwa aike kawai a ke yi da su.

A tambaya kuma ko ana koya wa ɗalibai tsare kansu, gama aikin nan yana da haɗari. Cikin Janairu 1969 wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a garin Lassa, a ƙasar Borno. A ka kawo ta asibitin mishan a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas da ta yi jinyarta, ta kamu ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, ta kamu, a ka kai ta Amurka, ta warke bayan doguwar jinya. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa, wanda har yanzu ya kan ɗauki ran ma'aikatan asibiti a ƙasarmu, musamman da rani. Waɗancan mata ba su san abin da su ke fama da shi ba. Mu mun sani. Makarantar da ba ta damu da safar hannu da tsabta ba, ba ta ƙaunar ɗalibanta, ba ta kuwa ƙaunar majinyata.

Muna roƙon dattawan Ekklesiya da zumuntar mata su ɗauki wannan kaya tare da iyaye. Kusan kowace gunduma tana da nas ko ungozoma da ta yi ritaya. A kira ta ta zauna da yaran da ke son aikin nan kafin lokacin cika takardu, ta gaya musu zaƙinsa da ɗacinsa. Inda a ka ga yarinya mai kai da zuciyar hidima amma gidansu ba hali, Ekklesiya ta yi mata baiko, kamar yadda mu ke yi wa masu zuwa makarantar Littafi.

Ke kuma 'yarmu, da ke riƙe da takarda yanzu, sa'anda ku ka zauna shawara a gida, ki bar wuri guda a tabarma domin wanda ba a kira ba. Ubangiji ya gaya mana cikin Matta sura 25 cewa abin da a ka yi wa mara lafiya, shi a ka yi wa. Ki karanta sunayen makarantun ɗaya ɗaya a gabansa cikin addu'a, ki tambaya wacce za ta shirya ki ki yi jinyarsa da kyau. Sa'an nan ki ɗauki alƙalami ki rubuta.

Allah ya bi da 'ya'yanmu duka masu neman makaranta a wannan shekara. Amin.